Sunan Da Na Faɗa A Bunguɗu

Kucheri zuwa Tsafe

Kafin kiran asalatu na goya yarinyar muka bar Kucheri. Shekararta bakwai, haɓarta ta kumbura har haƙora suna girgiza. Ita ce ta fari, ita kaɗai ta rage mini. Mun sha saiwa, mun sha rubutu. Sai aka ce wata likita ta zo daga Zariya tana bin garuruwa tana neman yara masu irin wannan ciwon daji, wai tana binciken ko sauro na da hannu a ciki.

Motar gyaɗa ta ɗauke mu. Da hantsi muka isa dispensaren Tsafe. Malamin asibiti ya ce ai tun jiya ta wuce Gusau. Ya ƙara da cewa na makara. Na ce na gani.

Gusau

Taya ta fashe a hanya, sai la'asar muka shiga. Mai gadin asibiti ya ce likitar tana Bunguɗu, gobe za ta koma Zariya. Muka kwana a rumfar wata mai tuwo a tasha. Koko kawai yarinyar ke iya haɗiya, shi ma rabi zuba yake yi.

Bunguɗu

Ga likitar nan a gindin tsamiya, siririya, ƙafa duk ƙura, tana taɓa wuyan yara. Malamin da ke taimaka mata ya tare ni, ya tambaya ko yarinyar ɗiyata ce. A gaban jama'a! Wace uwa ce ke amsa ɗiyar fari? Na ce ta mutane ce. Ya nemi sunanta, na dubi ƙasa. Ya ce to in koma in kawo iyayenta, ba a tafiya da yaro sai da yardarsu. Mutum da gemunsa, bai san alkunya ba.

Direbansu ya ta da mota. Likitar ta ƙaraso, ta tsuguna, ta duba bakin yarinyar. Da Hausarta ta 'yan koyo ta ce irin wannan yakan ji allura, amma ba ya jira.

"Inna, ina uwarta?"

Matan wurin suka zuba mini ido. Ban taɓa kiran sunan nan ba, ko a ɗaka. "Ke" nake ce mata.

"Ni ce. Sunanta Ramatu."

Yarinyar ta juyo tana kallona kamar baƙuwa.

Komowa

Mun daɗe a Zariya. Gashinta ya zube saboda allurar, kumburi ya sace. Ranar da muka sauka Kucheri, labari ya riga mu, surukata ta ce na zubar da kunya a Bunguɗu. Na ce ta je ta kwaso.

Allah Ya saka wa likitar nan, da mai tuwon tasha. Ramatu tana tauna gyaɗa yanzu.