Yaya Kande da Yankan Gishiri

Bana shekara goma sha biyar ke nan da rasuwar yayata Kande, kuma har yau in na ji tsohuwa ta ce "gishiri ne", sai in tuna da ita.

Bandar kifi take sayarwa a ƙauyensu na bakin kogi, tsakanin Haɗejiya da Kafin Hausa. Mace ce mai tsabta, har tsokanarta ake yi wai kifinta ma wanka take masa. Haihuwarta ta uku ta faɗo tsakiyar damina, ruwa ya cika fadama ya yanke hanya. Da naƙuda ta yi tsawo, tsofaffin gidan suka ce gishiri ne ya tare hanyar ɗa, sai an yanka. Aka kira wanzami. Askar da ya yini yana yi wa maza aski da ita a kasuwa, ita ya goge a gefen rigarsa, ya yanke ta ta gaba, a ɗakin da ko tafin hannunsa ba ya gani sosai. Ɗan bai zo da rai ba. Ita kuma askar ta huda mata mafitsara.

Ina Kano lokacin, ina koyon aikin disfensare, wato ƙaramin asibiti. Da na dawo, na tarar an yi mata bukka a bayan gida kusa da turken awaki, saboda fitsari ba ya tsaya mata dare da rana. Ba mai sayen kifinta. Matan da suka danne mata ƙafafu ranar yankan su ne yanzu ke toshe hanci in sun wuce. Har yau ban ga abin ƙyama irin wannan ba, kuma ba warin nake nufi ba.

Damina biyu ta yi a haka, ciwon ya ruɓe, zazzaɓi ya ƙarasa ta. Kafin ta cika ta kama hannuna ta ce, "Audu, na yafe wa kowa. Amma ko bayan raina, kada ka bari aska ta kusanci 'yata Ladi."

Da za ta leƙo yau, me za ta gani? Ana ta maganar mulkin kai, manya na shiga ajin yaƙi da jahilci, ga disfensare ta iso har wajen Kaugama inda nake aiki. Amma makon jiya aka kawo mini jaririya da aka cire wa angurya ranar suna, jini ya ƙi tsayawa, jikinta ya yi fari fat. Uban ya ce mini haka suka gada. Wanzamin Yaya Kande ma yana nan da ransa, ana ba shi wuri a kowane suna, ba wanda ya taɓa tambayarsa komai.

Ba a zauna ba dai. Limaminmu ya faɗa a bainar jama'a cewa yankan nan ba ya cikin addini. Ungozomomi biyu sun yarda su riƙa turo mana mai doguwar naƙuda. Wanzamai sun daina amsa mini gaisuwa, ban kuwa yi rashin komai ba.

Bara naƙudar Ladi ta yi tsanani, surukarta ta fara zancen gishiri. Ladi ta ce wa mijinta in dai aska za a kawo, gara ya haƙa mata kabari tun yanzu. Ya sa ta a kwalekwale ya kai ta asibitin Haɗejiya, ta sauka lafiya.

Da na je barka, ta ce, "Kawu, ni na riƙa wanke wa Inna zannuwa. Ba sai an yi mini wa'azi ba."

Ban san inda kabarin Yaya Kande yake ba yanzu, ambaliya ta shafe maƙabartar. Abin da ya rage nata shi ne wannan taurin kai na Ladi. Allah Ya jiƙan Yaya Kande, Ya kuma sa wannan taurin kai ya yaɗu.