Birkin Baba Direba

Yaran makaranta Baba Direba suke ce masa, abokan aikinsa kuwa Ba-Gaggawa. Tuƙinsa ne ya jawo masa sunan. Doguwar motar makaranta yake ja, wata tsohuwa mai ruwan ɗorawa wadda ƙofarta ba ta rufuwa sai an tallafe ta da gwiwa, kuma ko titi ya zama fayau ba ya ƙara gudu. Masu ƙananan motoci su yi ta danna masa oda a baya, shi kuwa ya fito da hannu ta taga ya yi musu alamar su wuce. "Ƙwai na ɗauko," in ji shi, "kuma ba nawa ba ne."

Tun yana saurayi yake tuƙi. Manyan motocin kaya ya fara ja, ya bari saboda ya gaji da dawowa gida yana tarar da 'ya'yansa sun ƙara tsawo ba a gabansa ba. Ɗaki biyu suke haya a bayan wani shagon walda. Matarsa tana ɗinki a gida, kekenta na jikin taga, yaransu uku suna karatu a kan tabarma a tsakanin ƙyallaye. Yana da ƙane guda ɗaya, wanda ya raina da hannunsa bayan rasuwar iyayensu, ya koya masa tuƙi, ya nemo masa aiki. Ciwon ƙoda ya kwantar da ƙanen, bai tashi ba.

Bayan rasuwar bai fasa zuwa aiki ba. Sai dai in ya sauke yaro na ƙarshe ya mayar da motar harabar makaranta, yakan kashe inji ya zauna a ciki har maigadi ya zo ya ƙwanƙwasa gilashi. Abinci ya daina shiga, sai da ya ƙara huji a bel ɗinsa. Matarsa ce ta tasa shi gaba zuwa asibiti. Likitar, wata mata mai gilashi da ba ta katse mutum in yana magana, ta saurare shi ta ce ciwon damuwa ne, ta ɗora shi a kan ƙwaya ɗaya kowace safiya.

Maganin ya yi aiki. A hankali barci ya dawo, cin abinci ya dawo, har tsokanar maigadi ta dawo. Amma ranar da ya fara jin kansa yana dariya da ƙarfi, sai ya katse dariyar nan take. Ɗan uwansa yana kwance a kabari, shi yana haɗiyar abin da zai sa ya manta da shi. Haka ya ɗauki abin, bai kuwa taɓa faɗa wa kowa ba. Kwalin maganin a aljihun wata tsohuwar rigar sanyi yake ɓoye shi, ban da matarsa babu wanda ya sani.

Da shekaru suka ja, likitar ta ce lokaci ya yi da za a fara ragewa.

"Amma a hankali, Malam. Jikinka ya saba da shi. Za mu rage kaɗan mu jira, mu sake ragewa mu jira. Abin watanni ne. In ka ji jiri ko wani baƙon abu, ka dawo wurina, kuma kada ka hau mota."

"Likita, ai ni sunana Ba-Gaggawa."

Ta yi dariya, shi ma ya yi.

Ragin farko bai yi masa komai ba. Sai ya fara lissafi irin na direba: in an sauke rabin kaya mota ba ta girgiza ba, me zai hana a sauke sauran gaba ɗaya a huta? Ya daina sha. Kowace safiya yakan kaɗa kwalin yadda matarsa za ta ji, ya kurɓi ruwa, ya sa ƙwayar a aljihu, in ya fita ya jefa ta a kwata.

Ba a ɗauki kwanaki da yawa ba jiki ya fara magana. In ya tashi tsaye sai ya ji ƙasa ta yi laushi kamar katifa. Warin man dizal, wanda ya shaƙa rabin rayuwarsa, ya koma tayar masa da zuciya. Gumi yakan jiƙa masa riga tun rana ba ta ɗaga ba. Mafarkai suka yi yawa, kullum ƙanensa tsaye yana miƙo hannu a ba shi makullin mota. Abin da ya fi ba shi tsoro shi ne in ya juya ido da sauri, sai ya ji wani zit a cikin kansa, kamar an haɗa wayar batir da ƙwaƙwalwarsa an cire.

Ga kuma zuciya a kusa. Wata safiya autarsu ta ture kofin shayi a kan wandonsa na aiki. Tsawar da ya daka mata ta sa yarinyar ta shige bayan keken ɗinki ta ƙi fitowa.

"Baban yara, lafiya kuwa?" in ji matarsa. "Anya ragin nan bai yi maka yawa ba?"

"Ke ce likitar? Ki ji da zarenki da allurarki."

Ya shiga banɗaki ya rufe ƙofa, hawaye suka yi ta zuba bai san dalilinsu ba. Ya wanke fuska, ya ce wa kansa wuya ba ta kisa, kwana kaɗan ne ya wuce. Ya ɗauki makulli ya fita.

Ranar da abin ya faru motar a cike take. Malamar da ke rakiyar yara tana can baya tana raba wasu biyu da ke faɗa a kan kujerar taga. Sun kusa mararrabar da ke gaban gidan mai ya ɗaga ido ya dubi madubi. Zit. Titin ya karkace, layin shagunan da ke gefe ya ga kamar ya dawo gabansa. Ya take birki da duk ƙarfinsa.

Jakunkuna suka watse, yara suka faɗa kan juna, kuka ya kaure. A kujerar gaba akwai wata 'yar aji ɗaya da ake kira Aku saboda surutunta. Bakinta ya daki ƙarfen jingina na gabanta, leɓenta ya fashe, jini ya sauka a kan farar kwalarta.

"Me ya faru, Baba?" Malamar ta taho tana tsallake jakunkuna.

"Mai babur ne ya gitta."

Maganar ta fita kafin ya yi shawara da kansa. Malamar ta leƙa ta gilashi, titi babu kowa sai wani mai tura kura can nesa.

"Ni dai ban gan shi ba," ta ce, "amma baya nake kallo."

An yi wa Aku ɗinki a leɓe. Washegari shugabar makaranta ta tsayar da shi a gaban taron safe, ta ce direba irin wannan ake nema, mai ido a buɗe, ta sa yara suka tafa masa. Bai gama haɗiye wannan ba sai ga mahaifiyar yarinyar da ledar lemu a hannu, ta rusuna ta gaishe shi.

"Baba, an ce da ba don kai ba da yanzu wani labarin ake yi. Allah ya saka maka da alheri, ya raya maka naka."

Ya karɓi ledar da hannu biyu, ya ce amin. A gida ya ajiye ta a kan tebur, yara suka rarraba, shi ko ɓare ɗaya ya kasa kaiwa baki.

Kuma ya sake hawa motar. Wannan ne daga baya ya fi ci masa rai, fiye da birkin, fiye da ƙaryar. Ya san abin da ke cikin kansa, ya ga jinin da idonsa, amma ya ɗebi 'ya'yan mutane ya hau titi, ya ƙanƙame sitiyari yana gudun kallon madubi.

Da Aku ta dawo makaranta, kujerarta ta dā ta zauna, da filasta a baki. Lokacin tashi ta miƙo kai kusa da kafaɗarsa, maganarta na fita a karkace.

"Baba Direba, in ka ga mai babur ɗin ka nuna mini shi. Abbana ya ce sai ya kama shi."

Ya sauke yaran ɗaya bayan ɗaya, ya ajiye motar, ya tafi gida a ƙafa. Ya tarar da matarsa tana kan keke. Ya zauna a bakin gado ya faɗa mata komai, tun daga kwatar har zuwa lemun. Ta ɗauke ƙafa daga kan keken.

"Wato ruwan da kake kurɓa da safe ma na yaudara ne?"

"Na yaudara ne."

"Da autarka ce a kujerar nan fa?"

Ta ajiye zaren da ke hannunta, ta miƙe ta ɗauki gyalenta. "Tashi mu je, kafin a rufe ganin likita."

Likitar ba ta yi masa faɗa irin wanda ya zata ba, kusan ya so a ce ta yi. Ta ce ga alama ba ciwon ne ya dawo ba, jiki ne aka janye wa abin da ya saba da shi farat ɗaya. Ta mayar da shi kan adadin da yake sha kafin ya yanke, ta ce za su sake ragewa a hankali fiye da na farko, kuma babu shi babu sitiyari sai jirin ya tafi.

"Ba kai ne na farko da ya yi haka ba, Malam," ta ce. "Amma kai 'ya'yan mutane kake ɗauka."

A nan ya faɗi abin da ya daɗe yana riƙe da shi, cewa ya tsani maganin ne don yana ganin shi ya sa ya manta da ƙanensa.

"Ka manta da shi ɗin?"

"Ko yini ɗaya."

"To ka gani."

Da safe ya shiga ofishin shugabar makaranta ya ajiye makulli a kan teburinta, ya ce babu wani mai babur. Ta cire gilashinta ta goge, ta mayar. Ta ce shekarun da ya yi ba tare da ko ƙwarzane ba su suka hana ta sallame shi a take. Ta mayar da shi bakin ƙofa tare da maigadi, aka ɗauko wani direban na wucin gadi. Malamar rakiya da ta ji, cewa ta yi kawai, "Dama zuciyata ba ta kwanta ba." Maigadi kuwa ya matsa masa a kan benci ya ce, "Sannu da zuwa, Ba-Gaggawa. Nan ko ka so gudu babu inda za ka."

Saura mahaifiyar Aku. Ya yi ta ganinta in ta zo ɗaukar 'yarta yana kasa tsayar da ita, sai wata rana lokacin tashi ya yi ta maza.

"Maman Aku, ina da magana. Ranar nan babu babur. Ni ne ba ni da lafiya, na kuma san ba ni da lafiya na hau mota. Ki yafe mini."

Ta dube shi, ta dubi yarinyar da ke wasa da igiyar jakarta.

"Na gode da ka faɗa, Baba. Amma da ranar da na zo maka da godiya ka faɗa."

Ta kama hannun 'yarta suka tafi. Tun daga ranar mahaifin yarinyar ke kawo ta da kansa.

Watannin da suka biyo baya tafiyar hawainiya ce. Matarsa ta karɓi kwalin maganin, ita ke miƙa masa da safe, kuma ta kafa masa doka: in ta tambaye shi yaya jiki, ba ta son "da sauƙi", gaskiya take so. Ya koyi cewa "yau da jiri kaɗan" ko "yau zuciyata a kusa take, ku yi haƙuri da ni". Ba ya fita sai ya ci wani abu, yana zuwa aiki a ƙafa, in zit ɗin ya zo ya zauna ya jira shi ya wuce. Shi da likita suka riƙa daidaita kowane ragi da hutun makaranta. Ya kira autarsa ya ba ta haƙuri, ta ce ita ta ma manta, amma ya lura sai da aka daɗe kafin ta sake kawo masa shayi da hannunta. A wani dogon hutu ya sayo soso, matarsa ta ɗinka wa soson riguna, ya naɗe ƙarafan kujerun motar gaba ɗaya, babu wanda ya sa shi.

Da likita ta tabbatar jirin ya tafi, shugabar ta mayar masa da makulli. Har yanzu bai gama da maganin ba, akwai ɗan guntun da yake sha, kuma likita ta ce wannan na ƙarshen ya fi bukatar haƙuri. Wani lokacin yakan haɗu da mahaifiyar Aku a harabar makaranta in an kira taron iyaye. Ya gaishe ta, ta amsa da "lafiya lau, Baba", ta wuce. Bai san ko ta yafe masa ba, kuma yana ganin ba shi da bakin tambaya.