Gangar Maikano a Gonar Hamma

Maikano makaɗin noma ne a wani ƙauye kusa da Falgore. Gado ya yi: ubansa ya bar masa ganga, da bakin da ba ya iya yin shiru. Gonarsa kuwa ciyawa ta fi dawa yawa, don kullum yana gonar wani. Matarsa Dije takan ce, "Malam, ka nome wa duniya, mu ka bar mu da tafasa." Sai ya yi dariya, ya rataya gangarsa.

Duk manomin garin yana da takensa a wurin Maikano. In aka kaɗa taken mutum bai fito da fartanya ba, ya ji kunya har gaban surukansa.

Da aka fara satar mutane a dajin, sai gari ya juya wa Hamma baya. Bafulatani ne, a nan aka yanke masa cibiya, amma aka koma cewa duk jan mutum mai sanda ɗan daji ne. Ya kira gayya, ko mutum ɗaya bai leƙo ba. Ya ce in ciyawa ta cinye masarar nan, zai kwashe iyalinsa ya bar garin.

Maikano ya tafi gonar Hamma shi kaɗai, tsofai-tsofai da shi, ya hau kan suri ya ɗaga murya:

"Masara ba ta duban hannun mai shuka,
Ja ne ko baƙi, ruwa take jira.
Wa ya sha nonon gidan Hamma ya yi kumatu,
Yau yake cewa bai san hanya ba?"

Sannan ya saki taken Balarabe, wanda ya fi kowa yaɗa maganar. Can sai ga shi yana huci, da fartanya a kafaɗa.

"Haba Baba, tona mini asiri za ka yi?"

"Ni? Ganga ce ta kira ka, ɗana. Sunkuya, mai kumatu."

Haka ya dinga kiransu ɗaya bayan ɗaya. Ba duka suka zo ba; wasu ma har yau ba sa gayyatar Maikano gonarsu. Amma waɗanda suka zo sun nome gonar Hamma tas, mata kuma suka ɗauki waƙar suka kai ta bakin turmi.

Hamma ya girbe masararsa a kakar nan. Bana ma ya ƙara ɗaki a gidansa, na bulo.