Zaren da Saniya ta Cinye

Shekara bakwai ke nan da rasuwar maigidana, Abu Nafisa. Ma'aikaci ne a wani ma'amal a Khartoum, ɗakin da ake gwada abincin shanun madara. Kullum daga unguwar Kalakla yake shiga muwasalat, motar haya, da kwalin samfur a cinyarsa.

Aikinsa shi ne gano yawan masarar da cikin saniya ke narkarwa. Akwai saniyarsu mai ƙofa a kwiɓi da murfin roba. Sai a auna niƙaƙƙiyar masara, a zuba a 'yan jakunkunan nailan, a tura cikin tumbinta. Bayan kwana biyu a ciro, a wanke, a busar, a sake aunawa. Abin da ya ragu daga nauyin shi ne ya narke. Ni nake ɗinka masa jakunkunan a kekena, da zaren nailan da yake kawowa.

Wata rana zaren ya ƙare. Mu jikokin masu tsinkar auduga ne a Jazira, a wurinmu ba zaren da ya kai na auduga aminci. Na ƙarasa ɗinkin da shi, ban ga abin faɗa ba. Ashe tumbin saniya yana narkar da auduga kamar yadda yake narkar da ciyawa. Jakunkunan suka warware, masarar ta zube, aikin makonni ya lalace, ga masu shanu daga Omdurman suna jiran a gaya musu abincin da za su saya.

Da ya dawo ya tambaye ni wane zare na sa, na faɗa masa. Sai ya ce, "Ummu Nafisa, saniya ta yaba ɗinkinki, har ta cinye." Bai sake tayar da maganar ba.

A zaman makokinsa wani abokin aikinsa ya gaya wa ƙanena sauran labarin. Mudir, shugaban ma'amal ɗin, ya nemi sanin wanda ya yi ɗinkin, maigidana kuwa ya ce sakacinsa ne shi kaɗai. Aka rubuta masa gargaɗi, ƙarin girman da yake jira ya wuce kan wani. Gaskiyar masu magana, ba don tuwo kaɗai aka yi ciki ba.

Tun da yaƙi ya ɓarke ma'amal ɗin yake rufe, ban san inda saniyar ta ƙare ba. Masu shanu sun koma sayen abinci da ido da shinshina. Da yana nan, na san zai ce ido ya san kima, amma bai taɓa shiga tumbi ba.

Takardun awonsa sun watse tare da kayan ofis. Abin da ya rage a hannuna shi ne shekarun da ya yi yana shan shayina, bai taɓa bari na san abin da na jawo masa ba. Ban samu na nemi gafararsa ba. Bayan kowace salla ina roƙon Allah Ya rufa masa asiri yadda ya rufa mini.