Injiniyan da ya zo da sabon otomat

Shekarun baya, wata safiya a Arlit, na hango shi yana saukowa daga mota, farar riga fes, hannunsa kan akwatin sabon otomat. Otomat ita ce na'urar da ke ba famfuna da injunan masana'antarmu umarnin tashi da tsayawa. Tamu ta tsufa, kayan gyaranta sun ƙare a duniya, shi ne aka turo injiniya daga Yamai ya sauya ta.

Ni kuwa da littattafan soyayya suka gama cika wa kai, kafin ya ƙaraso na riga na zaɓa wa 'ya'yanmu suna.

Ni kaɗai ce mace a sashen lantarki. Kowa ya san dokar: wanda ya shiga aikin sauyin shi zai koyi sabuwar na'ura, wanda bai shiga ba kuwa zai bi tsohuwar waje.

Wajen shayin rana injiniyan ya dube ni, ya yi murmushi. "Malama, waɗannan hannayen ba na jan waya ba ne. Na roƙi shef, shugabanku, ya mai da ke ofis, cikin sanyi."

Wallahi sai da zuciyata ta narke. Abokin aikina, wani ɗan Tawa, ya zungure ni. "Ke ƙanwata, farka. Wurinki za a ba mutuminsa."

Washegari na sa hular kwano, na riga kowa zuwa, na zauna daɓas gaban tsohon otomat. Shef ya ce in tashi.

"Shef, sai dai ku kwance ni tare da shi."

"Za ki jawo wa kanki kora."

"Ai korar ce kuka shirya, kun dai shafa mata turare."

Shef ya dubi injiniya, injiniya ya dubi agogo. An riga an tsai da injuna, ba lokacin jayayya. "Ku bar ta," in ji injiniya. "Da kanta za ta gudu."

Ban gudu ba. Waya ɗaya bayan ɗaya nake cirewa, in ɗaura mata lamba, in kira ma'aikacin da ke wurin injuna ta rediyon hannu ya tabbatar. Na yi kuskure ma: aka ce famfo ya tashi, sai fanka ta ɗauka. Injiniya ya yi dariya har da riƙe ciki. Na haɗiye hawayena, na sake bin wayar da yatsun da suka tsattsage, har famfon ya amsa.

Har yau ina karanta littattafaina, ban tuba ba. Sai dai yanzu in namiji ya yaba hannuna, nakan duba abin da yake son in saki.

Injiniyan kuwa, bara na gan shi a tashar Agadas, ya yi tumbi, furfura ta cika masa gemu, yana rigima da direba kan kujerar gaba. Ya dube ni bai gane ni ba. Na gyara zama, don ni ce a kanta.