Masarar da Kalibu Ya Ɓoye a Silin

Faɗana da Kalibu a kan sandata ya fara. Na shiga gidansa nan Lokuwa in duba matarsa Liyatu da tari ya hana sakat. Ina zama hancina ya ce akwai magana: wari irin na tuwon da aka manta a rufe. Na ɗaga kai, sai ga baƙin tabo a kusurwar silin, tsakiyarsa ta turo kamar tsohon ciki. Na miƙa sanda na ɗan tsokana, ta shige kamar a nunanniyar gwanda.

Sai ga maigidan. "Goggo Asta, dubiya kika zo ko rusau?"

Na ce, "Baban Roda, ɗakinka ya yi funfuna. Katakon sama ya sha ruwa, ruɓewa yake."

"Inuwa ce kawai."

"Inuwa mai wari? To, Allah ya ba ta lafiya."

Ya ce tsohuwar da ba ta taɓa buga ƙusa ba ta bar maganar rufi ga maza. Na ce gaskiya ne, amma hancin nan na riga shi fara aiki da shi. Daga ranar ya daina gaishe ni sai da haɓa.

Kada in ci amanarsa, Kalibu ba rago ba ne. Mutumin Kwaja ne, can gonarsa take, kuma duk wanda ya ga kunyoyin gonarsa ya san manomi ya wuce. Gidan nan da hannunsa ya gina. A coci, in ji Liyatu, muryarsa ake fara ji. Ciwonsa ɗaya: in gyaɗa yake ci, a cikin aljihu yake ɓarewa.

Su kuwa danginsa, da kaka ta yi sai a bi gida gida ana leƙa rumbu, mai yawa ya ɗebar wa marar shi. Shi ya sa Kalibu ya ƙi gina rumbu. Kowace shekara waƙarsa ɗaya: "Bana gona ta ƙi." A shekarar da nake faɗa ya karye masararsa tun ba ta gama bushewa ba, don ya riga idon dangi. Ya ɗura a buhuna, ya kawo a keke ranar kasuwa da unguwa ta watse, ya tura su cikin silin ta ƙofar nan da kafinta ke bari. Wai zafin kwano zai ƙarasa busarwa. Liyatu ce ta gaya mini, tana tari tana share ido, don abincin shekararsu ke nan kaf a saman kansu.

Ruwan ƙarshen damina bai san da dabararsa ba. Kwano na yoyo ta ramukan ƙusa, masara na gumi daga ciki, katako na tsakani yana sha.

Na aika masa ta bakin matarsa: ya sauko da buhunan ya shanya a rana, ya kira kafinta ya cire katakon da ya yi laushi, a toshe ramukan da kwalta, a shafe sabon katako da baƙin mai saboda gara, a bar wa iska hanya. Ya ce ya ji. Amma shanya ai a tsakar gida ake yi, tsakar gida kuwa tana da maƙwabta. Sai ya sayo farin fenti.

Ya shafe tabon. Tabon ya dawo da ƙannensa. Ya sake shafewa, ya sa Liyatu turaren wuta kamar ɗakin amarya. Da cikin silin ya ƙara girma, ya kafa masa gungumen itace a tsakiyar falo, ya ce na rataye riga ne. Har riga ya rataya, don kada itacen ya yi ƙarya.

Ranar da yayansa Ezekiya ya zo daga Kwaja da matan gidansu ina nan, na kawo wa Liyatu jiƙo. Ɗaurin dawa suka kawo masa, tausayin gonar da ta ƙi. Kalibu ya sunkuyar da kai yana ta "sai haƙuri, yaya." Wuri ya yi kaɗan, Ezekiya ya tashi ya ja itacen gefe don a shimfiɗa tabarma.

Ƙara ɗaya muka ji. Allah ya taimaka a fili silin ya zubo, sai gwiwar Kalibu da ta samu rabonta. Buhuna suka fashe, masara kore da baƙi, ta yi gashi kamar akuya. Ƙura ta lafa. Ezekiya ya dubi ramin, ya dubi ƙanensa, ya ce, "Ashe kai daga sama ake ciyar da kai." Ya bar masa dawar ya tafi. Da ya ɗauke abarsa ma da ya fi sauƙi.

Na hana Liyatu ba ko kaza masarar nan, rami aka haƙa mata. Kafinta ya yaye rufin, yana fasa katako da yatsa kamar dafaffen rogo. Liyatu da 'yarsu Roda suka dawo ɗakina, tarin ya tafi ba a sha komai ba.

Kalibu ya koma Kwaja zai zauna kusa da gona. Da zai tafi ya tsaya a ƙofata yana ɗingishi, ya ce, "Goggo, kwanon zamani ne ba shi da kyau."

Na ce, "Baban Roda, in ka je ka gina rumbu, ka sa shi a bakin hanya. Dangi in sun ci za su rage maka, har su ce an gode. Funfuna ka ba abincin shekara guda, ko sannu ta ce maka?"