Kabewar da Ke Kan Rumfata

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Talata, 14 ga Janairu 2025, da hantsi, Allah Ya karɓi ran maƙwabciyata Inna Hure, matar aminina marigayi Malam Sanda, a gidanta da ke nan Gummi, bayan jinyar kwana tara. Na yi shekara talatin da biyar ina koyar da yara rubutu, amma yau da ƙyar nake ganin layin takarda. Duk da haka ba zan bari wani ya rubuta wannan a madadina ba.

Inna Hure, katanga ɗaya ce tsakanin gidana da naku fiye da shekara arba'in. Da matata ta rasu, 'ya'yana kuma suna nesa, sai gidan ya yi mini faɗi. Sanyin shekarar ya same ni ba mai hura mini wuta. Wata rana da la'asar na tarar da kwano a rufe bisa katanga, a wurin da ruwan sama ya zaizaye. Tuwon dawa ne da miyar taushe, yana tururi. Ban ci ba. Na mayar da shi yadda yake, na ɗaga murya na ce ban kai ga cin sadaka ba tukuna. Wannan magana ta daɗe tana damuna, kuma ban taɓa ba ki haƙuri ba.

Ba ki yi fushi ba. Da damina ta faɗi kika aiko mini da 'ya'yan kabewa a ƙulle cikin tsumma, kika ce in shuka a gindin rumfata, wai taku ba ta samun rana. Na shuka, ta haye rumfa, ta yi 'ya'ya bakwai. Da sanyi ya dawo na miƙa miki ta farko ta kan katanga, kwano ya dawo, kika ce daga can ciki: "Malam, kabewakka ta. Ni wuta kaɗai nika hurawa." Daga ranar na ci da hannu biyu, ina ganin nawa nake ci.

Wanda bai ci taushenki a watan sanyi ba, ba zan iya kwatanta masa ba. Kina barin kabewa ta narke da kanta, ki zuba dakakkiyar gyaɗa sabuwar girbi, da daddawa, da busasshen kifin gulbi, sai a ƙarshe ki jefa ganyen sure don ɗan tsami. Da safe kuma kunun tsamiya mai zafi, wanda ke sa yatsuna su saki har in iya riƙe carbi. Idan an gasa hoce, wainar dawan nan, a gidanku, nawa ne na tsakiya, mai laushi, saboda kin san abin da ya rage mini na haƙora.

Ba ni kaɗai kika ciyar ba, baƙina ma kin ciyar. Shekarar da tsofaffin ɗalibaina suka zo gaishe ni daga Anka da Bukkuyum, mutum tara ba sanarwa, na zauna a zaure ina ta jan hira don kunya, ban san abin da zan ajiye musu ba. Kafin azahar akusa uku sun shigo ta ƙofar gidana, ba ta katanga ba, kamar daga madafina suka fito. Ɗaya daga cikinsu ya ce bai taɓa cin kabewa mai zaƙin wannan ba. Na ce masa ai shukata ce. Allah Ya yafe mini alfahari.

Ranar sadakar uku, 'yarki Rukayya ta zo ta durƙusa ta gaishe ni. Na ce mata akwai kabewa ɗaya da ta rage a kan rumfa, a ɗauka a yi taushe don masu zuwa gaisuwa, tunda tawa ce. Sai ta ce: "Baba, shekara huɗu ke nan taka ba ta yi ɗiya ba, ganye kaɗai. Inna ka sa Ɗanmusa shi ɗora nata bisa rumfakka in ka tai masallaci. Ta ce kowaf faɗa maka ba ta yahe ba. Amma yanzu ban iya riƙe shi."

Tun da yanar ido ta rage mini gani, da hannu nake lalubo su. Na sha jin wuyansu a yanke, sumul kamar aikin wuƙa, sai in ce nauyi ne ya tsinka su. Wataƙila na sani, ban so in sani ba. Ke kuwa kin ɗora wa ɗanki Ɗanmusa, magidanci mai furfura, hawan tsani kowace kaka don kada tsoho ya ji an ba shi.

Jiya da la'asar Balaraba, matar Ɗanmusa, ta ajiye kwano a wurin nan na kan katanga. Ba ta ce kabewata ce ba, ni ma ban tambaya ba. Na ɗauka, na ce na gode da ƙarfi yadda za ta ji, na cinye. Wannan godiya taki ce, ta makara shekara goma sha ɗaya.

Allah Ya jiƙan ki, Inna Hure. Yadda kika rufa mini asiri, Allah Ya rufa miki ranar da babu sutura sai tasa. Ya haskaka kabarinki, Ya ciyar da ke daga abincin Aljanna, Ya sada ki da Malam Sanda cikin rahama. Ina miƙa ta'aziyyata ga Ɗanmusa da Rukayya da Balaraba da dukan zuri'a. Allah Ya ba ku haƙuri, mu kuma Ya kyautata namu zuwan. Amin.

Malam Namadi, Gummi